Tambaya da Amsa: Shin za a iya tilasta wa ɗan gudun hijira komawa gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Baffana ya tsere daga Gwoza da iyalinsa a 2014, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, kuma tun daga lokacin suna zaune a sansanin Minawao na ƙasar Kamaru. Ya shaida mana ta waya cewa ana rubuta sunayen masu son komawa Borno, abincin da ake raba musu kuma ya ragu ƙwarai, shi kuwa hankalinsa bai kwanta da komawa ba. Shin doka ta ba hukuma ikon kwaso su da ƙarfi? Idan kuma ya dawo al'amura suka sake dagulewa, yana da damar komawa can? Daga wani mai karatu a Mubi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kawo wa baffa da iyalinsa mafita. A shari'ance babu hukumar da ke da ikon mayar da shi inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Wannan shi ne sashe na 33 na Yarjejeniyar Jeniba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Najeriya da Kamaru duka suka amince da ita. Yarjejeniyar da tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar a Addis Ababa a 1969 ta ma fi dacewa da halin da yake ciki, domin ta farko ta fi mayar da hankali kan wanda ake farauta saboda addininsa, ƙabilarsa ko ra'ayinsa na siyasa, ita kuwa ta Afirka ta haɗa har da wanda tarzoma da rushewar doka da oda suka kora daga ƙasarsa, ko da ba shi aka nufa da kansa ba. Sashe na 5 na wannan yarjejeniya ya ce ba a mayar da kowa gida ba da son ransa ba. A kan haka ne Najeriya da Kamaru da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ɓangarori uku a Yawunde ranar 2 ga Maris, 2017.

Sai dai ba a rasa lokutan da aka taka wannan doka ba. A watan Satumba na 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya ce sojojin Kamaru sun koro 'yan Najeriya aƙalla 100,000 tun daga 2015, zargin da gwamnatin Kamaru ta musanta. A watan Janairu na 2019 kuma UNHCR da kanta ta nuna damuwa kan mayar da mutum kimanin 9,000 da suka tsallaka iyaka bayan harin da aka kai garin Rann. Abin lura shi ne mafi yawan waɗanda wannan ta rutsa da su mutane ne da ke fakewa a ƙauyukan bakin iyaka ba tare da rajista ba. Wanda sunansa ke cikin kundin Minawao, yana riƙe da takardar shaidarsa, ya fi su kariya nesa ba kusa ba, don haka baffa ya adana takardunsa da na kowane yaro, musamman takardun haihuwar waɗanda aka haifa a sansanin.

Inda na fi jin tsoro shi ne batun abincin da ka ambata. Masu bincike kan hijira sun daɗe suna jan hankali cewa tilas ba sai da bindiga ba. Magidancin da ke karɓar rabon hatsi da ba ya kai shi ƙarshen wata, ba shi da gonar kansa, sannan aka zo masa da alkawarin kuɗin sallama da gida a Borno, zai iya dangwala yatsa a takardar amincewa alhali yunwa ce ta yanke masa shawara. A ganina, komawar da aka yi a irin wannan hali ba ta cika sharaɗin son rai da yarjejeniyar 1969 ta gindaya ba, kuma alhakin yana kan ƙasashe masu ba da tallafi da suka janye hannu kamar yadda yake kan gwamnatocin biyu. Ba na musun cewa da yawa suna son komawa da zuciya ɗaya, domin tun daga Maris na 2021 gwamnatin Borno ta Babagana Umara Zulum ta kwaso dubbai zuwa Banki da Bama, kuma shekara goma a sansani ba rayuwa ba ce da mutum zai so wa 'ya'yansa.

Tambayarka ta biyu ta fi buƙatar natsuwa. Da zarar ya dawo don raɗin kansa ya zauna, matsayinsa na ɗan gudun hijira ya ƙare, ana kuma cire sunansa daga rajista. Idan bai samu komawa gidansa na asali ba, ya zama ɗan gudun hijira na cikin gida, wanda nauyinsa ke wuyan gwamnatin Najeriya ƙarƙashin Yarjejeniyar Kampala ta 2009. Idan fitina ta sake tashi, doka ba ta hana shi sake tsallakawa ya nemi mafaka ba, amma zai fara ne daga tushe, da sabuwar tantancewa da sabon jira, ba tare da tabbacin samun matsugunin da ya bari ba. Ga shi kuma gwamnatin Borno ta rufe sansanonin Maiduguri tun daga 2021, saboda haka wannan madogara ma ta kau.

Kafin ya ba da sunansa, ya nemi amsa daga bakin waɗanda suka riga shi dawowa. A garuruwa da dama na yankin, jama'a na zaune ne cikin garin da sojoji suka kewaye da ramin tsaro, manomi ba ya wuce 'yar tazara daga ramin, masu zuwa itace kuma akan sace su ko a kashe su. Gwoza kanta ta ga hare-haren ƙunar baƙin wake a watan Yuni na 2024. Ya tambaya ko gonarsa na cikin inda aka yarda a noma, ko wani ya shiga gidansa, ko akwai makaranta da asibiti masu aiki. Yana da haƙƙin ya nemi jami'an kariya na UNHCR a sansanin su yi masa bayani shi kaɗai, matarsa ma a ji ta bakinta daban, kuma yana iya janye sunansa muddin bai hau mota ba. Ku da ke Mubi za ku fi taimaka masa idan kuka samo masa lambar wani maƙwabcinsa da ya koma Gwoza ko Pulka, su yi magana kai tsaye.