Amsa: Tunda Allah ya raba gado, mene ne amfanin wasiyya?

Malam, ka tambaya ko wasiyya tana da amfani tunda Alƙur'ani ya riga ya yanka wa kowa kasonsa. Tana da shi, musamman gare mu mazauna Legas.

Bara wani maƙwabcina a Agege, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, ya rasu bagatatan. Littafin bashinsa duk a kansa yake. Wannan ya zo ya ce yana bin sa buhu arba'in, wancan ya ce rumfar tasu ce su biyu, matarsa kuma tana Sakkwato ba ta san komai ba. Kuɗinsa na banki ma, sai da 'yan'uwa suka yi ta zirga-zirgar babbar kotu a Ikeja neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci, domin a nan gwamnati ba ta da kotun shari'ar Musulunci irin ta gida.

Hadisin Ibn Umar ya ce kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ya rubuta ta ba. Iyakarta sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Ka rubuta basussuka da ajiyar mutane, ka bayyana cewa a raba bisa Musulunci, ka sa hannu gaban shaidu 2 waɗanda ba su da rabo ciki. Lauya ya duba maka.