'Yata mai tsaron raga ce, shekararta 15, an ce a kai ta Turai: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15, ita ke tsare wa makarantarsu raga a nan Kaduna, kuma duk wanda ya ga wasanta sai ya yaba. Wani mutum ya same ni ya ce in na haɗa kuɗin jirgi da na biza zai kai ta gwaji Turai, wai ita ma Chiamaka Nnadozie tun tana ƙarama ta fita. Gaskiya ne? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Dokar FIFA ta hana ƙungiyar wata ƙasa ta ɗauki ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba daga ƙetare, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, misali iyayen ne suka koma can da zama don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Yarinya 'yar 15 daga Kaduna ba ta cikin waɗannan. Kuma ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, ba uba ake sa wa ya sayar da fili ba. Ka tambaye shi lasisinsa na wakilcin 'yan wasa daga FIFA, ka ga yadda hirar za ta sauya.

Sunan Nnadozie, golar Najeriya, da ya kawo maka kuwa, shi ne ma yake ƙaryata shi. An haife ta a jihar Imo ranar 8 ga Disamba, 2000. A 2016, tana kamar tsarar 'yarka, ba jirgin Turai ta hau ba, Fatakwal ta tafi ta shiga ƙungiyar mata ta Rivers Angels. A shekarar aka sa ta cikin tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta je gasar duniya a Jodan. A 2018 ita ta tsare ragar Falconets, ƙungiyar matasan mata ta Najeriya, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Faransa, har aka zaɓe ta gwarzuwar wasa ranar da Najeriya ta ci Haiti ɗaya da nema. A ƙarshen shekarar aka tafi da ita gasar kofin Afirka a Gana, Super Falcons, babbar ƙungiyar mata ta Najeriya, suka ɗauki kofi, ita kuwa tana benci tana kallon babbar gola Tochukwu Oluehi. Wannan zaman bencin ba ɓata lokaci ba ne. Raga mutum ɗaya take ɗauka, ba kasafai koci ke canja gola a tsakiyar wasa ba, don haka duk mai tsaron gida sai ya koyi yin atisaye mako da mako ba tare da sanin ranar da za a kira shi ba.

Ranar tata ta zo ne a gasar cin kofin duniya ta 2019. Norway ta lallasa Najeriya uku da nema a wasan farko, sai koci Thomas Dennerby ya ɗauko yarinyar ya sa ta a wasa na biyu da Koriya ta Kudu. Najeriya ta ci biyu da nema, ita kuma tana da shekara 18 ta zama mafi ƙanƙantar gola da ta gama wasa a gasar ba a zura mata ƙwallo ba.

Amma wasan da nake so ka nemo wa 'yarka ta kalla shi ne na bayansa, da Faransa a birnin Rennes. Saura kamar kwata a tashi, babu ci, aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori 'yar bayan Najeriya Ngozi Ebere. Wendie Renard ta buga, ƙwallo ta daki turke ta fita. Ana cikin murna sai na'urar VAR, mai sake nuna wa alƙalin wasa bidiyo, ta nuna Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga layi kafin a buga. Dokar da ta fara aiki a farkon watan Yunin nan ta ce dole ƙafa ɗaya ta kasance kan layi ko daidai da shi. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugawa, Renard ta ci, da wannan ƙwallon aka tashi. Ni dai har yau ina ganin an tsananta hukuncin, amma doka doka ce. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya: bayan wata biyu, a wasannin Afirka na Rabat, ta tare fenariti uku a wasan ƙarshe da Kamaru, Najeriya ta samu zinariya. A gasar cin kofin duniya ta 2023 kuma ta tare na Christine Sinclair ta Kanada a Melbourne. Gola na yin kuskure a gaban kowa, babu wanda ke bayansa da zai gyara, saboda haka abin da masu horarwa ke fara dubawa a yarinya shi ne yadda take a minti biyar bayan an ci ta.

Sai a Janairun 2020, tana da shekara 19, da gasar duniya uku a bayanta, Paris FC ta ɗauke ta. Su suka neme ta.

To me 'yarka take buƙata yanzu? Wasa, da yawa, da kuma kocin da ya san aikin gola. Matsalarmu ke nan a makarantu da unguwanni: a tsayar da yarinya a raga 'yan gaba su yi ta dirka mata ƙwallo, a ce an yi atisaye. Ragar mata daidai take da ta maza, faɗi mita 7.32, tsayi mita 2.44, alhali mata galibi ba su kai maza tsawo ba. Don haka tsayuwa a inda ya dace da saurin taka ƙafa sun fi tsallen burgewa amfani. Ta koyi kama ƙwallo da hannu biyu, da faɗuwa ta gefe ba a kan gwiwar hannu ba, musamman a filayenmu masu tauri. Ta koyi bugu da ƙafa biyu, domin tun 1992 gola ba ya kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Ta kuma koyi ɗaga murya ta umarci 'yan bayanta, wanda yake yi wa yaranmu wuya saboda tarbiyyar kunya.

In sutura ce ke damun mahaifiyarta, tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai, kuma gola na iya sa dogon wando da riga mai dogon hannu.

Hanyar da za ka bi ita ce hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da gasannin makarantu da na matasa, inda masu zaɓar 'yan ƙasa da 17 ke leƙawa. A Arewa akwai ƙungiyoyin mata irin su Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola. Duk inda aka gayyace ta, ka je da ƙafarka ka ga masauki, ka san macen da ke kula da yaran, ka karanta takarda kafin ka sa hannu. Shekarunta na gaskiya za a rubuta, kada kowa ya rage mata ko ɗaya. Kuma ta gama sakandare tukuna: gola kan kai shekara talatin da 'yan kai yana tsaron raga, shekara biyu ko uku na karatu ba za su rage ta da komai ba.