Idan gobara ta tashi a filin jirgi, wa zai kula da Hajiya?

Malam, ka ce mahaifiyarka za ta tashi daga Maraɗi zuwa Yamai ta hau jirgin Makka, ƙafa ta yi mata nauyi, kana fargabar gobara ko wani tashin hankali a filin jirgin Diori Hamani na Yamai.

Tun wajen yankan tikiti ka nema mata keken guragu. Da an rubuta, ma'aikaci ne zai tura ta, kuma muddin yana tare da ita zai iya taimaka mata idan ƙararrawa ta kaɗa. Mutanenmu kan ji kunyar wannan, ni ban ga abin kunya ba.

Dokar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce motar 'yan kwana-kwana ta isa ko'ina a titin jirgi cikin minti 3. Shi kansa jirgin, ana gwada shi a fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Abin da ke ɓata lissafin nan shi ne masu tsayawa jawo jaka. Ka ja mata kunne: ta bar kaya, ta sunkuya idan akwai hayaƙi, ta bi masu rigar aiki.

Fasfo, maganinta da lambar wayarka su kasance a 'yar jakar wuya. Allah Ya sa a dawo lafiya.