Likita Na Amsa Muku: Ƙuraje Bayan Fara Maganin Farfaɗiya

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya fara shan maganin farfaɗiya carbamazepine mako biyu da suka wuce. Yanzu ga zazzaɓi, idanu sun yi ja, leɓɓansa duk sun fashe. Kakarsa ta ce ƙyanda ce. (Wata uwa, Aboabo)

Amsa: Hajiya, kada ki ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya, ki kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yau ɗin nan, da kwalin maganin a hannunki. Ban raina sanin Kaka ba, farkon abin yana kama da ƙyanda. Abin da nake tsoro shi ne ciwon Stevens-Johnson: garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa fata saboda maganin. Yakan ɓullo cikin mako takwas na farko. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ke fara zuwa, sai ƙuraje masu zafi, sai baki da ido da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saɓulewa kamar ƙunar ruwan zafi. Idan abin ya wuce kashi 30 cikin 100 na jiki, rai na cikin haɗari sosai. Ban da shafa man kaɗanya ko jiƙo. A asibiti za su sa masa ruwa, su kula da idanun don kada gani ya taɓu, su ba shi wani maganin da zai tare farfaɗiyar.

Tambaya: Shekara 6 ina shan phenobarbital lafiya lau. In daina? (Wani tela, Asawase)

Amsa: A'a, Malam. Ka wuce lokacin haɗarin tuni. Dainawa farat ɗaya kuwa na iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa.

Tambaya: Ƙanwata ta warke daga irin wannan ciwon na Stevens-Johnson. Mai shagon magani ya ce ta koma phenytoin. (Wata 'yar kasuwa, Sabon Zongo)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba hurumin mai shago ba ne. Carbamazepine, phenytoin da phenobarbital dangin juna ne. Jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi sauran. Lamotrigine ma sai da taka-tsantsan. Likita zai iya duba levetiracetam. Sodium valproate na aiki, amma yana illata ɗan tayi, don haka ba a gaggawar ba mace mai shekarun haihuwa. A rubuta sunan maganin da ya cutar da ita a katinta na asibiti, ta kuma faɗa wa duk likitan da ya duba ta.