Tumatir a Buhu Yana Yin Ɗorawa: Gyaran Haɗin Ƙasa

Malam, ka ce ka cika buhuna da ƙasar tsakar gida, ka zuba kashin kaji, ka dasa tumatir da tattasai, amma ganyen ya yi ɗorawa, wasu ma sun bushe. Abu biyu nake zargi: ƙasar ta daskare, saiwa ba ta shan iska, kuma takin ɗanye ne.

Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙona saiwa yake yi. Ka tara shi gefe guda, ka gauraya da busasshen ganye da harawa, kana yayyafa ruwa kana juyawa duk mako, har wata 2 ko 3. In ya yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar damina, to ya nuna. Kashin awaki ya fi sauƙin sha'ani, shi nake amfani da shi.

Haɗin da nake yi: kwano 2 na ƙasar gona ta sama, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na yashin rafi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa. Toka kuwa ɗan barbaɗe kawai, yawanta yana hana shuka cin wasu sinadarai. Ka huda gindin buhun sosai, don ruwa in ya kwanta, ruɓewa ce.

Kada ka ɗebo ƙasar bola ko ta bakin kwata, abin da za ka ci ne. Idan ka gyara amma shukar tana yaushi dare ɗaya ko ganyen yana nannaɗewa, mai yiwuwa cuta ce. Ka tumɓuke ɗaya ka kai wa malamin gona. In a Kano kake, ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, na nan.