Ku Tambaya Mu Amsa: rigimar masoya Stargate, SG-1 ko Atlantis ko Universe?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na ambaci Stargate a fitowar da ta gabata saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, wasu tambaya suke, wasu kuma faɗa suka zo yi da ni. Na zaɓi guda 4 da suka tattaro abin da yawancinku ke cewa. Ga wanda bai san zancen ba: asalin Stargate fim ne guda ɗaya da ya fito a 1994, labarin wani ƙaton zobe da aka tono a Masar wanda in aka kunna shi mutum zai taka ya faɗa wata duniyar. Daga shi aka samu masu dogon zango guda 3, SG-1 daga 1997 zuwa 2007, Atlantis daga 2004 zuwa 2009, sai autansu Universe daga 2009 zuwa 2011.

TAMBAYA, daga wani ɗan'uwa a Zariya: Malam ni da yayana kullum sai mun yi musu, shi yace Atlantis kwaikwayon SG-1 ne kawai aka canza fuskoki, Sheppard ma wai O'Neill ne da aka rage wa shekaru. Ni kuma wallahi 'yan Atlantis sun fi burge ni. Ka raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa ka gaida min yayan naka, kuma ka yi haƙuri dan rabin maganarsa gaskiya ce. Sheppard, jagoran tawagar Atlantis, soja ne mai barkwanci wanda baya son bin oda, O'Neill na SG-1 ma haka, kuma waɗanda suka rubuta wannan su suka rubuta wancan, Brad Wright da Robert Cooper suna cikin duka biyun, toh ai dole kama ta fito. Amma akwai abin da O'Neill ke ɗauke da shi wanda Sheppard bashi da shi. Ɗansa ƙarami Charlie ya ɗauki bindigar uban yana wasa ya harbi kansa ya mutu, kuma da wannan ciwon mutumin ya shiga labarin tun farko. Shi yasa duk barkwancin da Richard Dean Anderson, wanda ya fito a O'Neill, yake yi in ka lura da kyau zaka ga na wanda yake danne wani abu ne a ransa, musamman duk sanda yaro ƙarami ya shigo labarin sai kaga fuskarsa ta sauya. A nan kam yayanka ya ci.

Kuma SG-1 suna da Teal'c. Ni har gobe ban ga wanda ya kai shi ba a duk gidan nan. Mutum ne da ya tashi yana bauta wa wani azzalumi mai suna Apophis da ke ce wa mutane shi abin bauta ne, alhali wata halitta ce kamar maciji da ta shige jikin ɗan Adam take juya shi, irin dai da'awar Fir'auna, kuma Teal'c shine babban kwamandansa har da tambarin zinare a goshi. Rana ɗaya ya juya bakin makaminsa ya harbi nasa mutanen ya bi baƙi, ya bar matarsa da ɗansa a baya ana ce musu iyalan maci amana. Christopher Judge da ya fito a Teal'c yakan yi kashi guda bai faɗi jimla goma ba, gira ɗaya kawai zai ɗaga ka gane komai.

Toh amma inda zaka kama yayanka shine Rodney McKay. A SG-1 aka fara ganinsa, a zango na 5, a matsayin wani masani mai girman kai da kowa ya tsana, sai gashi a Atlantis ya zama shine zuciyar shirin gaba ɗaya. Matsoraci ne, ga surutu ga ƙorafi, yana tsoron lemun tsami kamar mutuwarsa saboda jikinsa baya ɗauka, amma duk randa abu ya ɓaci shi ne zai tsaya yana rawar jiki yana gyara na'urar har ta tashi. Samantha Carter ta SG-1 ta fi shi hankali da natsuwa nesa ba kusa ba, sai dai ita tun farko a kammale take, shi kuwa a gaban idonka yake zama mutum. Ka nemi kashin nan na zango na 5 da wata cuta ta shiga kwakwalwarsa yana manta komai a hankali har yana neman manta sunan kansa, yana kiran sunan John, wato Sheppard, cikin dare kamar yaron da ya ɓata a kasuwa, kuma wadda ta fito a ƙanwarsa ƙanwar David Hewlett mai fitowa a McKay ce ta gaske, Kate. Ka kunna wa yayanka wannan sannan ka tambaye shi wanne aka kwaikwaya a SG-1.

Laifin Atlantis ɗaya da ban yafe ba shine yawan canza mutane. Ford ya tafi bayan zango na farko aka kawo Ronon, wato Jason Momoa tun bai yi suna ba, wannan canjin ya yi kyau. Amma kashe likita Beckett a zango na 3 ba dalili, da cire Elizabeth Weir daga shugabanci, sun rage wa shirin armashi sosai, masoya sun yi ta kuka har sai da aka dawo da Beckett ta wata hanya. A dunƙule tawagar SG-1 ta fi haɗuwa, in kuma mutum ɗaya za a ware a gwada toh McKay ya tsere wa kowa in banda Teal'c.

TAMBAYA, daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Ni kiɗan farkon Atlantis ne ma ringin ɗin wayata. Wa ya yi shi? Kuma me yasa Universe bashi da kiɗan buɗewa, ko wanda aka tura min ne aka yanke?

AMSA: 'Yar'uwa ba a yanke miki komai ba, haka suka yi shi, suna kawai ke fitowa a allo na ɗan daƙiƙu a wuce. Kuma kin iya zaɓe, dan nima a wurina na Atlantis ya fi duka. Joel Goldsmith ne ya yi shi, har ya shiga takarar kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin da shi a 2005. Gado ya yi, mahaifinsa Jerry Goldsmith shine ya yi kiɗan taken Star Trek: Voyager da ma wanda ake ji a farkon The Next Generation. Na SG-1 da mutane suka fi sani tushensa na David Arnold ne daga fim ɗin 1994, kiɗa ne na fareti, ƙahonni da ganguna, kana ji kasan sojoji ne zasu fita. Na Atlantis kuwa akwai muryoyin mutane da ke tashi a bayansa a hankali kamar daga ƙarƙashin ruwa suke fitowa, kuma ya dace dan birnin Atlantis ɗin ma daga ƙasan teku ya taso a kashin farko.

A Universe ɗin ma Joel ne, amma ya ajiye ƙahonnin ya koma fiyano da sautin na'ura mai sanyi, wani lokacin kamar ba kiɗa ba kamar numfashin jirgin ne. Abin da ya raba kan masoya shine waƙoƙin turawa na zamani da ake sakawa a ƙarshen wasu kashin ana nuna kowa zaune cikin tagumi, wasu suka ce an mayar musu da shi fim ɗin soyayya. Ni wasu sun zauna min daidai wasu kuma da an bar Joel shi kaɗai da ya fi. Ya mutu a 2012, shekara guda bayan an tsayar da shirin.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Kumasi: Me yasa duk duniyar da suka je daji ne iri ɗaya? Sannan ruwan nan da ke fesowa daga zoben kwamfuta ce?

AMSA: Ƙanena dajin Kanada ne kake gani, galibi a Vancouver da kewayenta aka ɗauki duka ukun, shi yasa bishiyoyin basa canzawa sai dai a canza wa mutanen ƙauyen kaya. Feshin ruwan kuma asalinsa ruwan gaske ne, iska aka harba da ƙarfi cikin tankin ruwa aka ɗauka da kyamara sannan aka haɗa shi da hoton zoben, daga baya ne kwamfuta ta karɓi aikin. In kana kallon zangon farko na SG-1 ka tuna 1997 ne, kar ka haɗa shi da na yanzu.

TAMBAYA, daga wani magidanci a Kano: Na gama SG-1 da Atlantis, naje wurin mai tura min finafinai yace kar in ɓata kuɗina a Universe, wai duhu ne kawai da faɗa tsakaninsu, babu dariya babu bos, kuma ba a ƙarasa ba. In karɓa ko in bari?

AMSA: Alhaji ka koma ka karɓa. Wannan maganar ta daɗe tana ci min rai, dan a ganina ba a taɓa zaluntar wani shiri irin yadda masoya Stargate da kansu suka zalunci Universe ba. Mutane sun shekara 12 suna kallon jarumai huɗu su shiga zobe su ci yaƙi su dawo gida kafin minti 45 ya cika, sai aka kawo musu wani abu daban, kuma an kawo shi daidai lokacin da aka tsayar da Atlantis a kashi na 100, toh da fushi suka zo kallon, da yawa tun kafin su gani sun yanke hukunci.

Labarin mutum wajen 80 ne da aka kawo wa sansaninsu hari suka gudu ta zoben ba shiri, suka faɗa cikin wani tsohon jirgi mai suna Destiny da ya yi miliyoyin shekaru yana tafiya shi kaɗai, nesa da gida yadda ba maganar dawowa, kuma ba su ke tuƙa shi ba. Ba zaɓaɓɓu bane, akwai sojoji akwai ma'aikatan ofis akwai 'yar sanata, akwai Eli yaron da aka ɗauko daga ɗakin uwarsa saboda ya warware wani lissafi da aka ɓoye cikin gem. Matsalarsu ta farko ba wani bos bane, iskar shaƙa ce ke ƙarewa, daga nan wuta, daga nan ruwan sha. Wanda ya taɓa kwana a motar da ta lalace a tsakiyar daji da mutanen da bai sani ba, ruwa saura gora ɗaya, ya san yadda halin kowa ke fitowa fili a irin wannan lokacin, kuma shi ake nuna maka.

Faɗan da mai turin naka yake faɗa tsakanin Kanar Young ne da Dakta Rush, kuma shine daɗin abin. Robert Carlyle da ya fito a Rush, a wurina babu wanda ya kai shi iya wasa a duk shirye-shiryen ukun, mutum ne da zai ceci ranka yau gobe ya yi maka ƙarya ido cikin ido kuma duka biyun yana ganin daidai ya yi, matarsa ta mutu yana can yana fama da lissafin zoben kuma bai yafe wa kansa ba. Young ɗin ma ba waliyyi bane, akwai inda ya lakaɗa wa Rush duka ya baro shi a wata duniya shi kaɗai ya dawo yace hatsari ne. O'Neill ba zai taɓa yin haka ba, shi yasa mutane suka ji haushi, ni kuma shi yasa na kasa tashi.

Ta ɓangaren siddabarun kwamfuta kuwa ba a ma haɗawa. Akwai kashin da wuta ta ƙare jirgin ya nufi cikin wani tauraro mai ci da wuta irin ranarmu kai tsaye, ƙaramin jirgin tsira mutum 17 kawai zai ɗauka, aka yi ƙuri'a, sauran kowa ya nemi lungu yana jiran mutuwa, wasu na addu'a wasu sun yi shiru, Rush ya koma ɗakinsa yana karanta littafi. Sai jirgin ya kutsa cikin wutar ya buɗe wasu abubuwa a ƙasansa yana zuƙa, ashe haka yake shan mai. Fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Na kalli wurin nan ya fi sau biyar kuma har yanzu tsigar jikina na tashi. Birnin Atlantis a kan teku yana da kyau, yaƙinsu da jiragen abokan gabarsu Wraith ma ba laifi, amma basu da wuri ɗaya da ya kai wannan.

Gaskiyar mai turi a wuri biyu take. Duhun akwai shi, da kyamarar da ke rawa irin ta shirin Battlestar Galactica, in ka kunna a waya da rana tsaka fuskarka kawai zaka gani a gilashin, sai ka bari sai dare ka kashe fitila ka sa abin kunne. Sannan rabin farko na zango na ɗaya yana jan ƙafa, musamman wuraren da suke amfani da wasu duwatsu suna musayar jiki da mutanen da ke duniyarmu, akwai kuma 'yan wuraren da ba na kallo da yara bane, Alhaji ka riƙe rimot a hannu. Daga tsakiyar zangon abin yake miƙewa, zango na 2 kuwa har dariyar da ake cewa babu ta dawo, McKay ma ya leƙo sau ɗaya.

Batun ba a ƙarasa ba, haka ne, tashar Syfy ta sanar da tsayar da shi a Disambar 2010 ya tsaya a kashi na 40. Amma inda ya tsaya ɗin ba irin yankewar da zaka jefar da waya bane, ba zan faɗa maka ba dan kar in ɓata maka, illa dai akwai Eli a tsaye shi kaɗai gaban tagar jirgin. In ka kai wurin ka rubuto min, ka gaya min ko mai turin ne da gaskiya.