Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ciwon ƙanwarta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ƙafafun ƙanwarki sun daina ɗaukarta, tana faɗuwa tana jijjiga, hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya lau, likita ya ce FND ne (wato rikicewar aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba tare da wani abu ya lalace ba), kina son sanin me ke kawo shi. Wallahi ciwona ne kika zayyana.

Don Allah ki yarda da ita. Ba ƙirƙira take yi ba.

Nawa ya fara ne bayan an yi mini aikin haihuwa. Likitan jijiyoyi a nan Jos ya ce babu abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa, saƙon da take aika wa gaɓoɓi ne ke rikicewa, kamar waya mai kyau da sabis ya ɗauke. Ya sa hannu ƙarƙashin diddigen ƙafar da ta ƙi motsi, ya ce in ɗaga ɗayar, sai ga ta tana danna hannunsa da ƙarfi. Wasu tiyata ce ke tayar musu, wasu hatsari, zazzaɓi mai zafi, ko firgici irin wanda muka gani a rikicin Jos na 2008. Wasu kuma ko kaɗan ba a samun dalili. Tun 2013 likitoci suka daina sharɗanta sai an samu damuwa kafin a tabbatar da shi, don haka kar a tsare ta da "me ke damunki".

Ni uwar mijina ce ta fi ci mini rai. Na faɗi a tsakar gida, jaririna yana kuka, ina jin komai amma na kasa ko ɗaga yatsa. Ta tsaya a kaina, gaban baƙi, ta ce, "Girki ne ba ta so." Ta sheƙa mini ruwan randa. Washegari ta bi dangi tana cewa mai iska aka aura wa ɗanta, wai gidanmu sun ɓoye. Har yau in na ji muryarta gabana faɗuwa yake. Mijina kuwa ko uffan bai ce ba.

Addu'a kam a yi, amma kar a bari wani ya doke ta da sunan cire aljani. Maganin farfaɗiya ba ya tsayar da irin wannan jijjigar, sai in tana da farfaɗiyar ma, likita ne zai tantance. Gashin ƙashi ne ya mayar da ni kan ƙafafuna, tare da zama da likitan halayya. Ranar komawa asibiti ki ja mijinta ku tafi tare, ya ji bayanin da kunnensa. In so samu ne har da uwarsa.